Yadda za ka yi waƙar opera alhali kana riƙe da aikinka

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne a opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake yi da waƙa da kiɗa, ba a ba ka makirfo. Kai ne da maƙogwaronka, ga makaɗa a gabanka wani lokaci sun haura 60 suna ta aiki, kuma dole wanda ke kujerar ƙarshe a zauren ya ji ka. Ba ihu ake yi ba fa, horo ne ke sa murya ta samu wani amo a wajajen hertz 3,000 (ma'aunin kaifin sauti) wanda ke ratsa ƙarar kayan kiɗa, shi ya sa za ka ga mutum ɗan siriri amma muryarsa ta cika zaure. To wannan amon ba a samunsa daga kallon YouTube, sai da malami.

Don haka ka nemi malamin murya tun kafin komai, ko da sau biyu a wata ne ƙarfinka ya kai. Dalili kuwa kai ba ka jin muryarka yadda mutane ke ji, wani ɓangarenta ta ƙashin kanka yake biyowa, sai ka ɗauka ka yi daidai alhali kana matse wuya. Malamin ne zai gaya maka ajin muryarka, daga siririya zuwa mai kauri, mata akwai soprano da mezzo da contralto, maza kuma tenor da baritone da bass, kuma don Allah kar ka yi masa gardama. Kusan kowane saurayi so yake a ce masa tenor saboda su aka fi ba jarumin labari, amma baritone sun fi yawa, kuma wanda ya tilasta wa muryarsa hawa inda ba nata ba zai yi shekara biyu ana tafa masa sannan ya koma neman magani.

Atisaye kullum, amma kaɗan. Minti 20 zuwa 30 kowace rana ya fi awa huɗu ranar hutu nesa ba kusa ba. Ka fara da ɗumama murya a hankali, ka ja numfashi haƙarƙarinka ya buɗe ba kafaɗa ta ɗaga ba, sannan ka fi ba da lokaci a daidai gaɓar da murya ke sauya giya kamar mota daga ƙasa zuwa sama, wadda Italiyawa ke kira passaggio, nan ne asirin kowa ke tonuwa. Darussan murya na Vaccai, wani malamin waƙa ɗan Italiya, da tsofaffin gajerun waƙoƙin Italiya na ƙarni na 17 da 18 su ake fara ba ɗalibi, kuma irin waɗannan takardu kyauta suke a shafin intanet na IMSLP. Operori masu nauyi na Verdi da Wagner kam ka bar su tukuna, manyan muryoyi sau da yawa sai bayan shekara 30 suke nuna.

Sai karatun nota, wato rubutun kiɗa, da harshe. Ba sai ka iya Italiyanci da Jamusanci da Faransanci ba, amma dole ka san ma'anar kowace kalma da kake rerawa, ka rubuta fassararta da fensir a ƙarƙashin layi, ka koyi furucin. Da Italiyanci ake farawa don wasulansa a buɗe suke, a Italiya ma aka haifi operar a wajajen 1600 a birnin Florence.

Ƙofar shiga kuma ita ce 'yan amshi, wato kwaya, kuma gaskiya duk wanda ya raina ta ban ga inda za shi ba. A nan za ka koyi bin hannun jagoran makaɗa, da ƙirga shiru kafin ka shigo, da yadda za ka ji na kusa da kai ba tare da ka danne shi ba. Ingila na da irin waɗannan ƙungiyoyi na masu sha'awa birjik, ta Huddersfield tun 1836 take, kuma yawancin irinsu abin da suke yi shi ne manyan ayyuka kamar Messiah na Handel da Requiem na Mozart, waɗanda kalmominsu na addinin Kirista ne, gara ka san haka tun farko. Daga amshi sai a ba ka layi biyu kai kaɗai, daga nan ƙaramin rol, kuma abin da ke sa a sake kiranka ba kyan murya ba ne kawai, zuwa ne a kan lokaci da haddace naka kafin ranar da aka sa.

In za ka odishin, wato gwajin murya don a zaɓe ka, ka shirya waƙa biyu ko uku a harsuna daban, waɗanda ko daga barci aka tashe ka za ka iya, ba waɗanda kake burin iyawa ba. Ka kai wa mai fiyano takarda tsaf, ka gaya masa saurin da kake so.

Maganar kuɗi kar ka yaudari kanka, kai ne za ka riƙa kashewa, kuɗin malami da na mai fiyano da na ƙungiya da na mota. Ana yawan kawo Paul Potts, mai sayar da wayoyin hannu da ya yi waƙa da ƙungiyar masu sha'awa a garin Bath na Ingila kafin ya ci gasar talabijin ta Britain's Got Talent a 2007, to irinsa nawa ne? Ka riƙe aikinka, ka tanadi hutunka don makon wasa, saboda a makon kusan kowane dare akwai rihasal, wato gwajin wasa, kuma a rihasal ɗin ba sai ka saki murya duka ba, ka rera ƙasa-ƙasa ka adana ta.

Ka sha ruwa sosai, ka yi barci, ka bar taba, ka daina cin abinci mai nauyi dab da kwanciya don tsamin ciki na tasowa ya ƙona maƙogwaro. In mura ta kama ka murya ta dishe ka yi shiru kawai, raɗa ma wahalar da ita take yi. Dishewar da ta wuce mako biyu zuwa uku kuwa, ka je likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa da kyamara kafin ka sake hawa dandamali.