Kurakuran da sababbin masu zamiya a tsaunuka ke yi game da zaftarewar ƙanƙara

Wanda ya saba zamiya a kan dusar ƙanƙara a filayen wasa, inda ma'aikata ke tashi da asuba su sa nakiya su tayar da dusar ƙanƙarar da ke barazanar zaftarewa kafin a buɗe wa jama'a, yakan ɗauka ya san ƙanƙara. Ranar da ya tsallake igiyar iyaka ya shiga tsaunin da babu mai gadi, babu wanda ya share masa hanya. Kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda zaftarewa ta rutsa da su, su ne ko wani abokin tafiyarsu ya tayar da ita. Ihu ba ya tayar da ita, duk da abin da ake gani a finafinai. Nauyin mutum ne a kan wani babban falle na ƙanƙara da ke zaune bisa shimfiɗa mai rauni. Shimfiɗar ta karye, fallen ya sulale gaba ɗaya da mutum a kansa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi kaya a ɗauka an gama. Kayan guda uku ne: na'urar sigina da ake ɗaurawa a jiki don a gano inda mutum yake idan ƙanƙara ta binne shi, wadda ke aiki a kan mitar 457 kHz a ko'ina a duniya, da doguwar sanda mai naɗewa ta soke ƙanƙara, da shebur na ƙarfe. Babu ɗaya daga cikinsu da ke hana tsauni zaftarewa. Aikinsu yana farawa ne bayan abin ya faru. Binciken da aka yi kan waɗanda aka binne a Suwizalan ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari sukan rayu idan an tono su cikin minti 15, amma zuwa minti 35 adadin ya faɗo kusan kashi 30. Jirgi mai saukar ungulu ba ya isowa a wannan ɗan lokaci. Abokan tafiya ne za su tono ka ko su tsaya suna kallo. Jakar baya mai kumbura da iska tana taimakawa, wani bincike na 2014 ya nuna ta rage mace-macen waɗanda zaftarewa ta kwasa daga kashi 22 zuwa 11 cikin ɗari, amma ba ta hana mutum buguwa da bishiya ko faɗawa daga bakin dutse, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mace-macen raunin buguwa ne, ba shaƙewa ba.

Gyaran shi ne atisaye har hannu ya saba. A sa na'ura a cikin jaka, a binne ta, a duba agogo, a nema. Kowace safiya kafin a tashi, mutum ɗaya ya tsaya ya gwada na'urar kowa, ya tabbatar tana aika sigina kuma batirinta da ƙarfi. Waya da agogon zamani da rigar da ake ɗumama ta da batir suna rikita sigina: a nisanta su da santimita 20 daga na'urar a lokacin tafiya, santimita 50 a lokacin nema.

Tono ma koyonsa ake yi, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata lokacin da suka samu a nema. Dusar da ta zaftare tana taurarewa da zarar ta tsaya, shebur ɗin roba kan karye a cikinta. Idan sanda ta taɓa mutum, a bar ta a tsaye a wurin. Kada a tsaya a kansa a haƙa rami a miƙe, domin ana iya danne ɗan sararin da yake numfashi a ciki. A koma ƙasa da gangara, kimanin zurfin binnewar sau ɗaya da rabi, a haƙo zuwa gare shi daga gefe, ana yanka ƙanƙarar gunduwa-gunduwa ana turawa baya. Wanda ke gaba wajen haƙar yana gajiya da sauri, don haka a riƙa musanya wuri. Fuska ake nema da farko, a share baki da hanci.

Sai maganar sanarwar hasashe. Cibiyoyi irin su SLF da ke Davos a Suwizalan, da Avalanche Canada, da cibiyar jihar Kolorado a Amurka suna fitar da bayani kullum a lokacin hunturu, kuma ma'aunin haɗarin mataki biyar ne. Mutane sukan ga lamba 3 su ce ai tsakiya ce, da sauƙi. Alhali a wannan matakin ne aka fi mutuwa, saboda a mataki na 4 da na 5 yawancin mutane suna gida, a na 3 kuwa rana ta fito, dusa sabuwa, tsauni yana kira. Lambar kaɗai ba ta isa ba. A karanta bayanin da ke ƙarƙashinta: wace irin matsala ce, a wane tsayi, a gangaren da ke fuskantar wane ɓangare (gabas, yamma, kudu ko arewa). Fallen da iska ta tara a bayan tsauni yakan lafa cikin 'yan kwanaki. Shimfiɗa mai rauni da ta binnu can ƙasa kuwa tana iya zama makonni ko watanni tana jira, har ana iya tayar da ita daga fili a gindin gangara, ta zubo daga sama.

A ganina, abin da ya kamata sabon shiga ya fara ƙwarewa a kai shi ne gane tudu da gangara, tun kafin ya damu da ilimin shimfiɗun ƙanƙara. Yawancin zaftarewar falle tana faruwa ne a gangaren da ke tsakanin digiri 30 zuwa 45, kuma ido yana yaudara wajen kimanta wannan. A auna da ma'auni ko taswirar da ke nuna karkata. Wanda ya tsaya ƙasa da digiri 30, kuma babu gangaren da ya fi haka karkata a samansa, ya kauce wa yawancin haɗarin ko da bai iya karanta ƙanƙara ba. Sannan a duba ƙasa: idan ta zubo, ina za ta kai ni? Kwazazzabo ko ramin ƙorama na iya mayar da ƙaramar zaftarewa binnewa mai zurfin mita da yawa.

Wasu kuma sukan haƙa rami ɗaya su gwada shimfiɗu, su ga ba ta karye ba, su ɗauka sun samu izini. Rami ɗaya bayanin wuri ɗaya ne. Zai iya hana ka sauka. Ba zai ba ka lasisin sauka ba. Tsaunin da kansa ya fi ramin bayani: sabuwar zaftarewa a gangaren da ke kusa, tsaga da ke gudu daga gaban ƙafarka, ƙanƙara ta nitse a ƙarƙashinka da ƙara dum, iska tana kwasar dusa tana jibgewa, ko zafi ya tashi farat ɗaya. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a canza shiri. Sawun wasu a kan gangara kuwa ba shaida ba ce, mutum na goma na iya taka wurin da tara suka kauce wa.

Mai bincike Ian McCammon ya yi nazarin haɗurran zaftarewa a Amurka a farkon shekarun 2000, ya gano cewa waɗanda suka yi karatun sanin zaftarewa ma suna faɗawa, saboda sabo da wuri, da son burge abokai, da jin an yi nisa ba a komawa, da bin wanda ake ganin gwani ne. A Fabrairun 2012, a Tunnel Creek da ke jihar Washinton, ayarin mutum 16, da yawansu ƙwararru, sun sauka bayan an yi ruwan dusa mai yawa, ƙanƙara ta zaftare, uku suka mutu. Wasu daga cikinsu sun ji a jikinsu akwai matsala amma suka yi shiru. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi a wasu wurare, a nan kuwa yawa yana rufe baki. Ayari ya zama ƙarami. Tun a gida a yanke gangaren da ba za a taɓa ba a ranar, kuma a amince cewa idan mutum ɗaya ya ce a'a, an fasa, ko da shi ne ƙarami a ƙwarewa. A gangaren da ake shakka, mutum ɗaya ke sauka a lokaci guda, sauran suna tsaye a wurin da zaftarewa ba za ta kai ba, idonsu a kansa har ya isa inda aka yi alkawarin tsayawa.