Yadda Ake Yawon Duwatsun Filato Ta Cikin Tsoffin Wuraren Haƙar Kuza

Baƙon da ya zo Jos don yawon duwatsu yakan ɗauka cewa wahalar tana can sama, wajen hawa. A ƙasar kuza abin da ya fi cin mutum yana kwance ne a kwari, a filin da ake ratsawa kafin a kai gindin dutse. Dalili kuwa shi ne yadda kuzar take zaune a ƙasa. Daga jikin duwatsun nan ta fito: ruwan sama ya yi ta zaizayarsu shekaru aru-aru, ya kwaso baƙin yashi mai nauyi ya zube a gadon rafuka, ƙasa ta binne. Shi ya sa masu haƙa suka bar kan dutse suka bi kwari suna tonawa.

Haƙar ta daɗe. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suna narka kuza, fatake suna kai ta kasuwanni. Turawan kamfanin Neja sun biyo sawunta a farkon shekarun 1900, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, kuma a 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, abin da aka fitar ya kai wajen tan 17,000. Bayan farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya a 1985, manyan kamfanoni suka nannaɗe tabarmarsu, akasarin ramukan ba a cike su ba. Abin da suka bari shi za ka taka a kewayen Bukuru, Rayfield, Bisichi, Kuru, Dorowa da Barikin Ladi. Ƙananan masu haƙa kuma har yau suna aiki, suna ƙara sababbin ramuka a kan tsofaffi.

Lokacin fita

Daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi. Damina a Filato takan kama tun Afrilu ta kai Oktoba, kuma a tsawon wannan lokaci dutse yana santsi, gaɓar rami ta jiƙe tana zaftarewa, ga tsawa da ƙanƙara. Oktoba da Nuwamba suna ruɗin mutane, don sama ta washe, ko'ina shar, amma a lokacin ne ciyawa ta kai ƙugu ta rufe bakin kowane rami. Sai ciyawa ta bushe, shanu sun kiwace ta, an ƙone wata, sannan ƙasa take nuna fuskarta.

Hunturu ma da nasa. Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, ƙololuwar duwatsun Shere da ke gabas da gari kuma ta kai wajen mita 1,800. Da asuba sanyi yakan sauko kusa da digiri 10, da azahar rana ta buɗe. Hazo yakan ɓoye dutsen da kake auna hanya da shi. Kuma idan ka hango hayaƙin gobarar daji ta ɓangaren da iska take fitowa, kada ka hau gangare a gabanta, domin wuta ta fi gudu idan tana hawa. Nemi falalen dutse ko wurin da ya riga ya ƙone.

Sallama da ɗan jagora

Babu dajin da ba shi da mai shi. Ƙasar nan ta Birom ce, da Afizere, da Anaguta, akwai gonaki, akwai makiyaya, akwai duwatsun da mutanen gari suke girmamawa ba a hawansu kai tsaye. A fara da gidan mai unguwa ko dagaci, a gaisa, a faɗi inda aka nufa da lokacin dawowa, a nemi ɗan gari ya shige gaba. A shirya ladansa tun kafin a tashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo: manomin da yake bin hanyar kullum ya san ramin da aka tona bara, wanda babu taswirar da ta san da shi. Shi ne kuma zai gaya maka ko akwai zaman lafiya a yankin a wannan mako, abin da a Filato ba a wasa da tambayarsa. In ya ce a fasa, a fasa.

Kada a gaza mutum huɗu. Idan ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman taimako. A bar wa wani a gari sunan ƙauyen da za a ajiye mota da ƙarfe nawa zai fara cigiya.

Karanta ƙasa

Abubuwa uku haƙa ta bari, kuma kowanne da yadda yake cutarwa.

Na farko kududdufai. Ɗaruruwa ne, wasu ruwansu kore shar, wasu shuɗi, gwanin sha'awa a hoto. Ba kamar tafkin gari suke ba, wanda za ka shiga ruwa a idon sawu, sannan gwiwa, sannan ƙugu. Injin ne ya yanke su, saboda haka gaɓar tsaye take kamar bango: taku biyu daga baki ruwa ya shanye mutum. Ƙasan laka ce mai kama ƙafa, a wasu kuma akwai tsoffin ƙarafa da waya. Ruwan sama-sama yana da ɗumi, na ƙasa sanyi ƙarara, kuma wannan sanyin ne yake ɗaure numfashi da gaɓoɓin wanda ya iya iyo ma. Ba a wanka, ba a tsallen ruwa, ba a sauka baki don alwala ko wanke fuska. Ko ba nutsewa, ruwa kwantacce irin wannan yana iya ɗauke da tsargiya. A riƙa tafiya aƙalla taku biyar daga gaɓa, domin ruwa yana cin gindinta daga ƙasa, saman ya zauna kamar rumfa babu abin da ya tokare shi. Tsagewar da ta bi tsawon gaɓa, ko da siririya ce kamar zare, alama ce cewa wannan yankin ya riga ya rabu, nauyi kawai yake jira. Inda za ka iya kusantar ruwa shi ne inda masu noman rani suka kafa injin ban-ruwa suka taka hanya, shi ma da izininsu.

Na biyu tulin ƙasa, waɗannan jajaye da fararen tuddai masu tsini da ke tsaye a gefen kududdufai. Ba tuddan Allah ba ne, ƙasar da aka kwashe ce aka jibge. Samansu ya yi ɓawo, cikinsu sako-sako, ruwa kuma ya tsattsaga su da kwazazzabai masu zurfi. In dole a hau, a bi doron da aka saba bi, mutum ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani. Kada a bi gefen da yake gangarawa cikin ruwa, don zamewa a nan ba ta da birki. Kada kuma a fake wa rana a cikin kwazazzabo ko ƙarƙashin gaɓar da ta leƙo.

Na uku, wanda ya fi duka, ramukan loto. Haka ake kiran rijiyoyin da ƙananan masu haƙa suke tonawa da hannu. Bakinsu bai fi na rijiyar gida ba, wajen mita ɗaya, zurfinsu kuwa yakan kai mita goma, ashirin, har fiye. In sun kai ga yashin kuza sai su yi ta rarake gefe-gefe, don haka ƙasar da ke tsakanin rami da rami ma holoƙo ce. Loto ba ya zama shi kaɗai: ka ga ɗaya, akwai goma a kusa. Alamunsa su ne zoben farar ƙasa ko tsakuwa da ya bambanta da jar ƙasar wurin, sanduna biyu masu baki da aka kafa don jan guga, tsummokaran buhu, da kuma kurmin ciyawa ko ɗan itace da ya yi kore shi kaɗai a tsakiyar busasshen fili, saboda danshin da ke fitowa daga ramin. Wani an rufe shi da rassa da ƙasa kaɗan, ya lotsa kamar kwano. Duk lotsawa mai zagaye a kauce mata.

A irin wannan fili ana tafiya a layi ɗaya, a bi sawun na gaba, tazarar taku uku zuwa huɗu. Na gaba ya riƙe sanda mai tsawon kafaɗa yana dungurin ƙasa kafin ya taka duk inda ciyawa ta rufe. Mai son ɗaukar hoto ya tsaya cak tukuna. Ja da baya ana neman kusurwa mai kyau, ido a kan waya, shi ne hanyar faɗawa mafi sauƙi. Wanda zai kewaya ya sanar da sauran, kuma kada ya shiga kurmi.

Idan wani ya faɗa rami, kada kowa ya bi shi. A ƙasan tsohon rami iska takan lalace, ba wari ba launi, mai shiga ceto ya suma kafin ya ankara, a koma neman mutum biyu. Mutum ɗaya ya kwanta rub da ciki, wani ya riƙe ƙafafunsa, ya leƙa ya yi magana da shi. Saura su ja baya kada su zubo masa da ƙasa. A aika gari a kira masu haƙa, su ne da igiya da sanin hannu, a kuma gwada lambar gaggawa 112. Wanda ya faɗa ruwa, a miƙa masa sanda ko a jefa igiya ko jarka marar komai a rufe, daga kwance.

Kaya da lissafin tafiya

Takalmi mai rufi da ƙasan roba mai tsage-tsage, wanda ƙafa ta saba da shi. Silifa da takalmin fata mai sulɓi su zauna a mota. Dogon wando mai kauri, hula, rigar sanyi mai sauƙin cirewa. Ruwa lita uku ga kowane mutum a yini ɗaya, da ƙarin rabin lita na alwala, tunda an hana kusantar kududdufi. A ɗauki ƙunshin gishiri da sukari na kemis guda biyu. In babu, a haɗa: lita ɗaya na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Guzuri marar nauyi, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi kaɗan don yana jawo ƙishi. Tocila ko da ba a yi niyyar kai dare ba, usur, bandeji, man kaɗanya don leɓe da tsagewar ƙafa, igiya mai ƙwari mita 20 guda ɗaya ga ayari. A sauke taswira a waya tun daga gari, don sabis yana ɗaukewa a kwari.

Lissafin masu hawan dutse shi ne awa ɗaya ga kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A filin haƙa ka rage zuwa kilomita 3 a awa, saboda kewaye-kewaye. Tafiyar kilomita 9 da hawan mita 400 za ta ci kusan awa huɗu ba tare da hutu ba, biyar da hutu. A tashi da bakwai na safe, a sa ƙarfe ɗaya ta zama lokacin juyawa, an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan shida, duhu kuma yana rufewa da sauri, kuma filin loto da ka ratsa da safe da shi za ka ƙare da yamma, a gajiye.

A kan dutsen kansa, busasshen falale yana riƙe takalmi sosai. Baƙin zane da ya gangaro a jikinsa hanyar ruwa ce, yana santsi ko da rani in akwai raɓa. Sassaukowa ta fi hawa cin gwiwa da idon sawu: gajerun taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, a wuri mai tsayi a zauna a sauka da hannu. Kada ka hau dutsen da ba ka ga yadda za ka sauko ba. Idan hadari ya taso, ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da tsawa, kowace uku kilomita ɗaya ce. In ta gaza 30, a bar ƙololuwa da gindin itace tilo da bakin ruwa.

Maciji, ƙerana da baƙin yashi

Tulin duwatsu da tsoffin gine-ginen kamfani gidan macizai ne: kububuwa, kasa, gamsheƙa. Kada ka cusa hannu inda ido bai gani ba, kuma ka taka kan dutse ka duba bayansa kafin ka tsallaka. In an yi sara, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure jijiya da igiya. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutum a kai shi asibitin da yake da allurar dafi. Daga ɓangaren Shere, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana kusa. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum yana iya yin awoyi garau kafin jini ya fara fita ta dasashi, don haka "na ji sauƙi" ba hujjar komawa gida ba ce.

Shingen ƙerana da ya kewaye gidaje da gonakin Birom kada a karya shi don yanke hanya. Ban da ɓarna, farin ƙaronsa yana ƙona fata, a ido kuwa bala'i ne. In ya shiga, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15 zuwa 20, sannan asibiti.

A wuraren da ake wankewa da tace kuza za ka ga tsibin yashi mai nauyi, baƙi ko ruwan ƙasa, yana ƙyalli. A cikinsa akwai ma'adinai irin su monazait masu fitar da tururin nukiliya kaɗan-kaɗan. Wucewa ta gefensa ba abin tayar da hankali ba ne. Abin gudu shi ne zama a kai a ci abinci, shaƙar ƙurarsa, ko ɗibarsa a kai gida tsaraba.

Idan ka tarar da masu aiki, ka yi musu sannu da aiki daga nesa, ka jira su nuna maka inda za ka bi, domin a ƙarƙashin ƙafarka wataƙila akwai mutum yana tono. Hoto sai an yarda. Gutsuren tukunya ko kan mutum-mutumin yumɓu da ka gani a jikin gaɓa kuma ka bar shi inda yake: a wajen haƙar kuza aka fara tsintar kayan Nok, wato mutum-mutumin yumɓu na mutanen dā, a 1928, kuma dokar ƙasa ta hana cinikin irinsu. Ɗauki hotonsa, riƙe alamar wurin a waya, ka sanar da gidan tarihi na Jos.