Hutun jaki da kaya a ka: inda muke kuskure wajen hutawa

Na yi shekaru a shagon ɗinki, kuma babu lokacin da ake ɓarnar kaya kamar goman ƙarshe na azumi. Wata shekara, wajen ƙarfe uku na dare, na yanka shaddar wani Alhaji da awon ɗansa. Kwana uku ke nan ina barcin awa bibbiyu. Biyan shaddar nan ya cinye ribar duk kwanan zaunen da na yi.

Babban kuskurenmu ke nan: mun ɗauki hutu a matsayin lalaci, muna auna ƙwazo da daɗewa a kan keke. Alhali idon da ya gaji sai ya yi aiki sau biyu, ɗinki da farkewa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari a kan mai yin awa 35 zuwa 40. Gyaran yana farawa tun wajen karɓar aiki. Ka san kaya nawa kake gamawa a rana, in sun cika ka ce "Hajiya, a yi haƙuri, sai bayan Sallah." Za ta yi fushi, amma ba kamar fushin ranar idi ba.

Sai kuma hutun da ba hutu ba. An rufe shago, an kwanta, amma waya na hannu, ana amsa saƙon kwastoma a WhatsApp, daga nan a zarce TikTok har ƙarfe ɗaya. Jiki na kan katifa, kai na kasuwa. Ni dai yanzu a falo nake barin tawa tana caji.

Wasu kuma goro da shayi mai kauri suke tura wa gajiya. Ba sa kore ta, ɓoye ta suke yi, kuma sinadarin da ke cikinsu yana awanni a jiki, shi ya sa shayin bayan isha'i ke hana barci. Masu shan tiramol don ƙarfin aiki kuwa, wannan magana ce ta asibiti, a hanzarta.

Ƙailula ma ana ɓata ta. Minti 20 zuwa 30 tsakar rana ya isa. In ka zarce har la'asar sakaliya, za ka tashi kai ya yi nauyi, dare kuma ya ƙi ka. Haka masu tara bashin barci su ce sai Lahadi: baligi na buƙatar aƙalla awa 7 kowane dare, ba jimillar mako ba.

Wanda muka fi mantawa shi ne hutun uwar gida. Ranar da kake hutu, girki da wanki ke ƙaruwa mata. Ka kwashe yaran ku je gidan kaka, ka bar mata gidan shiru na awa biyu.