Kurakuran da aka fi yi wajen canza koyil a tsohuwar mota

Wanda ya taɓa riƙe tsohuwar Peugeot 504 a Sakkwato ya san wannan hali. Ka taso lafiya lau da safe, rana ta take kana tsakanin Kware da Gwadabawa, mota ta fara shessheƙa, can ta mutu. A ɗaga bonet, a jiƙa tsumma da ruwan leda a naɗa wa koyil, bayan ɗan lokaci ta tashi. Tsumman nan dabarar isa gida ce kawai, koyil ɗin ya gaji. Sai dai wajen canjin ne mutane ke asarar kuɗi, wani ma ya sayi uku kafin damina.

Aikin koyil shi ne ya karɓi wutar batir mai ƙarfin bolt 12 ya ɗaga ta zuwa 20,000 ko fiye, don ta iya tsallake bakin filogi. Shi ya sa da wuta ta yi rauni sai a ce shi ne, alhali sau da yawa laifin na kwandensa ne (ɗan gwangwanin da ke kare kontak daga ƙonewa), ko kontak (ɗan makunnin da ke buɗewa da rufewa yana yanke wa koyil wuta) ya ci, ko murfin distiribita (mai rarraba wuta ga filogi) ya tsage ƙurar hunturu ta kwanta a tsagin. A zafin watan Afrilu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40, fetur ma kan tururi a cikin bututu ya kashe mota kamar yadda koyil ke yi. Kafin ka ciro kuɗi ka sa mai wayarin ya auna da mita, kuma ya auna koyil ɗin yana da zafi, domin wanda ya fara lalacewa yakan nuna lafiya idan ya huce. In za a gwada wuta, a kusantar da babbar wayar da ta fito daga koyil da ƙarfen inji, kada a riƙe ta nesa don a ga tsawon tartsatsi. Wannan burgar tana kashe koyil mai lafiya.

Babban kuskuren, a ganina, yana wajen saye. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, ai koyil duk koyil ne, ɗauki wanga." Ba haka ba ne. A motoci masu kontak akwai iri biyu masu kama da juna kamar tagwaye. Ɗaya yana auna kusan om 3 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta) tsakanin ƙananan kawunansa biyu, shi ne ke shan wutar batir kai tsaye. Ɗayan kusan om 1.5 ne, an yi shi ne ya yi aiki tare da wani ɗan farin tangaran mai rage wuta da ake ɗaurewa kusa da shi. Ka sa mai 1.5 babu tangaran ɗin, zai yi zafin da ba ka iya taɓa shi, ya ƙona kontak. Ka sa mai 3 a bayan tangaran, wuta ta fito a raunane, mota ta riƙa jan ƙafa. Na motocin da ba su da kontak kuwa bai cika kai om 1 ba, bai da wurin zama a mai kontak sam. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu, a karanta rubutun jikinsa, a auna na sayarwar a gabanka, musamman in na gwanjo ne.

Haɗa wayoyi ba wuya. Cire kan batir na baƙar waya tukuna, ka ɗauki hoton yadda wayoyin suke da wayar salula. Kan da ke da alamar + ko lamba 15 na wayar makulli ne, mai alamar − ko lamba 1 na distiribita. In aka juya su mota za ta tashi, shi ya sa ba a gane kuskuren, amma wutar ta ragu.

Wani kuskuren kuma shi ne barin abin da ya kashe koyil na farkon. Filogin da bakinsa ya buɗe da wayoyin filogi da suka bushe suna tilasta wa koyil aikin da ya fi ƙarfinsa. A duba su rana ɗaya, a gyara bakin filogi daidai da awon kamfanin motar.

Wurin ɗaurawa ma abin lura ne. Na sha ganin koyil ɗaure da robar tsohon tif yana lilo kusa da bututun hayaƙi. Irin mai gwangwani da mai a cikinsa, maƙalinsa na ƙarfe yake so, a ɗaure tam inda iska ke ratsawa. Kuma in ka faka a inuwar dalbejiya kana sauraron labarai, kada ka bar makulli a inda fitilun dashbod ke kunne inji a kashe. Idan kontak ya tsaya a rufe, wuta na ta kwarara cikin koyil har ya dahu kana zaune.