Yadda Za a Taimaki Marasa Matsuguni a Abuja Ba Ta Tagar Mota Ba

Naira 200 da ake miƙawa ta tagar mota a Berger ko Area 1 tana kashe yunwar awa biyu, amma ba ta kama ɗaki. A Abuja kuɗin shekara mai gida yake karɓa, ga la'adar dillali a kai. Mai kwana ƙarƙashin gada kuwa ko ya tara ba shi da ma'aji, da dare ake lalube shi. Tun Oktoban 2024 da ministan Abuja Nyesom Wike ya ba da umarnin kwashe mabarata, zaman bakin titin ma kan ƙare da kame.

Fara da lissafin abin da kake rabawa a titi cikin wata, ka ware shi wuri guda. Zakka, wato ɗaya bisa arba'in na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, a ajiye ta daban da sadaka, don tana da mutanenta takwas da aka ambata a Suratut Tauba.

Sai zaɓen hannun da zai karɓa, kuma a nan aka fi tafka asara. Ko kwamitin masallaci ne, ko coci, ko gidauniya, nemi lambar rajistarsu ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ka duba a shafin hukumar. Sunan asusun banki ya zo daidai da sunan ƙungiyar. In aka turo maka asusun wani mutum, janye hannunka. Ka je da ƙafarka, ka yi tambaya ɗaya: mutum nawa kuka kama wa ɗaki bara, nawa ne har yau suke ciki? Masu aikin gaske za su buɗe maka littafi. Masu nuna hotunan rabon shinkafa kawai, ka san inda suka tsaya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum 20, kowa naira 5,000 a wata, naira 100,000 ke nan, kuma gara a zuba ta kan gida ɗaya har ya miƙe da a yayyafa wa hamsin. A biya mai gida kai tsaye, a rubuta rasit da sunan mai shiga. In aka damƙa kuɗin a hannu, bashi da magani ne za su fara cinye shi, ba don mutumin maƙaryaci ne ba. Idan zakka ce, a sanar da shi a karɓi izininsa tukuna, tunda haƙƙinsa ce. Kada arhar ɗaki a Mararaba ko Zuba ta ruɗe ku alhali abin yinsa yana Wuse. Kuɗin mota zai mayar da shi gada.

Haya ba sana'a, shekara na zagayowa an koma gidan jiya. A sayi kayan jarin maimakon ba da tsaba, a raba su kashi biyu, a haɗa da abincin wata guda don kada a cinye uwar kuɗi. A raka shi ya yi NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, don ba a buɗe asusu ko rajistar layin waya sai da ita. Mai taɓin hankali ko shaye-shaye kuwa, asibiti ne farko kafin ɗaki.

Masu kai kaya unguwar naƙasassu ta Karmajiji ko sansanin 'yan gudun hijira na Durumi su fara tuntuɓar shugabannin wurin. Bargo a kai shi a Nuwamba kafin hunturu ya kankama, gidan sauro kafin damina, audugar mata ko yaushe, ita ce ake yawan mantawa. A azumi abinci kan yi yawa, bayan salla sai ɗif, don haka a tsara bayarwar wata-wata. Wanda ya tare ka yana kukan yunwa, saya masa abinci nan take, ka tambayi inda yake kwana, ka miƙa wa kwamitin.