Yadda Ake Gyaran Famfo Mai Ɗiga a Gida

A yawancin gidaje, da famfo ya fara ɗiga sai a ƙara murɗe shi da ƙarfi. In ya ƙi, a samo igiyar roba a ɗaure masa wuya, a tara bokiti a ƙasa. Murɗewar nan kuwa ita take kashe famfon. Abin da yake tare ruwa a ciki wata 'yar roba ce kamar maɓallin riga, masu gyara suna ce mata wosha. Duk sanda aka danne ta da ƙarfi tana ƙara lotsewa tana tsagewa, a ƙarshe har ƙarfen da take zama a kai ya cinye.

Kuma ɗigon ba abin rainawa ba ne. In yana sauka sau ɗaya a kowace daƙiƙa, sau 86,400 ke nan a wuni da kwana, abin da zai kusa cika jarkar 'yan ga-ruwa. Wanda yake ƙona fetur a janareta don ya tura ruwa tanki ya san zafin wannan.

Ka fara da duba inda ruwan yake fitowa. Goge famfon da busasshen tsumma ka tsaya ka kalla. In ta baki yake ɗiga bayan an rufe, wosha ce. In ta ƙarƙashin mariƙi yake tsattsafowa lokacin da aka buɗe, robar wuya ce ko notin da ya riƙe ta. In kuma ta inda famfon ya haɗu da bututu ne, tef ɗin wurin ne ya gaji.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana biyu (ko sifana da filaya), sukudireba, tsumma, farin tef na famfo, da sabuwar wosha. Yawancin famfunan gida rabin inci ne, manyan na tsakar gida kuma uku bisa huɗu. Shawarata, kada ka sayi woshar sai ka ciro tsohuwar ka tafi da ita shagon kayan famfo, a gwada a gabanka.

Rufe ruwa tukuna. In tanki kake da shi a sama, bawul ɗin, wato abin rufe ruwan, yana jikin bututun da ya sauko daga tankin. Ka rufe, ka dawo ka buɗe famfon har ruwan da ya rage a bututu ya tsiyaye. In a sink ne, toshe ramin da tsumma, don ɗan sukurun mariƙi in ya faɗa can sai dai haƙuri.

Cire mariƙin. Wasu sukurunsu a fili yake, wasu yana ɓoye a ƙarƙashin ɗan murfin roba ja ko shuɗi, wanda ake ɓanɓarewa da bakin wuƙa. Da ka cire za ka ga babban noti mai kusurwa shida. Nan ne wurin da ake ɓarna. Ka riƙe jikin famfon gam da sifana ɗaya, sannan ka murɗa notin zuwa hagu da ɗayar. In ba ka riƙe ba, ƙarfin da ka sa duk a kan bututun zai sauka, kuma bututun roba da yake cikin bango ba ya ɗaukar wannan. Daga neman gyaran ɗigo sai a koma fasa bango da kiran magini. In notin ya cije, kada ka buga shi da guduma. Ɗiga masa ɗan mai, ka ba shi minti goma, ka sake gwadawa.

Da notin ya kwance, sandar ciki za ta fito, woshar tana maƙale a gindinta. Za ka gan ta ta baje, ko ta yi tauri kamar busasshiyar fata. Cire ta ka sa sabuwa. In dare ya yi ko shago ya yi nisa, ana iya yanko madadinta daga tsohon tiyub na mota, daidai girman tsohuwar. Za ta riƙe na ɗan lokaci, amma ba ta kai ta shago ba.

Kafin ka mayar, zura yatsa cikin famfon ka shafa zoben da woshar take zama a kai. Ruwan bohol yakan taho da yashi, wani kuma yana barin farin gishiri mai tauri. Wanke yashin, gishirin kuma ka jiƙa shi da ruwan lemun tsami ka goge. In ka ji zoben ya yi kaushi ko ya tsage, sabuwar wosha ba za ta daɗe ba, gara ka sauya kan famfon gaba ɗaya.

Famfon zamani da ake buɗewa da 'yar murɗa kaɗan ba shi da irin wannan woshar. Wasu faifai biyu ne na tangaran a ciki, kuma in yashi ya karce su ba sa gyaruwa. Sai dai a ciro abin gaba ɗaya, a kai shago a samo irinsa.

Ɗigon wuya kuwa, wanda yake fitowa ta ƙarƙashin mariƙi, sau da yawa ɗan ƙara ɗaure ƙaramin notin da yake ƙarƙashin mariƙi ya isa. In bai tsaya ba, sauya zoben robar da yake jikin sandar.

In a mahaɗa ne, kwance famfon daga bututu, kankare tsohon tef tas, ka naɗa sabo kamar zagaye goma, kana ja yana shiga cikin haƙoran. Ka naɗa shi ta ɓangaren da zai ƙara ɗamewa in ana ɗaure famfon, in ba haka ba zai warware ya dunƙule.

Wajen mayarwa, fara ɗaurewa da hannu don haƙoran su hau daidai, sannan ka ƙarasa da sifana ba tare da nuna ƙarfi ba. Bar famfon a buɗe, ka je ka buɗe bawul a hankali. Zai yi tari, ya fitar da iska da ɗan jan ruwa. In ruwan ya washe, rufe shi da yatsu biyu kawai, ka ajiye busasshiyar takarda a ƙasa, ka dawo bayan rabin awa ka duba.