Yadda zaka shirya tafiyar mota daga Madina zuwa Tabuka ta tsohuwar hanyar alhazan Sham

'Yan uwa mazauna Makka da Jidda da Madina, da yawanmu mun shekara da shekaru a ƙasar nan amma iyakarmu Harami da wajen aiki, alhali hanyar da Manzon Allah (SAW) ya bi zuwa Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira tana nan kuma mota na zuwa. Daga Madina zuwa Tabuka kusan kilomita 700 ne, mutum zai iya cinye ta a yini ɗaya amma wallahi in kayi haka baka ga komai ba, ka ware mata kwana uku ko huɗu.

Fara da takardu tun kafin ka taɓa sitiyari. Iƙama (katin zama) da ruksa (lasisin tuƙi) su zama da rai, istimara (rajistar mota) da ta'amin (inshora) da fahas (takardar binciken lafiyar mota) duk ka duba kwanan watansu. In motar kafilinka (ubangidan da iƙamarka ke ƙarƙashinsa) ce ko ta aboki to a yi maka tafwidi, wato izinin tuƙa motar, ta manhajar gwamnati ta Absher, kar kace ai mun saba, akwai shingayen jami'ai a hanya kuma ba ruwansu da sabo. Sannan ka kai motar wajen bakanike ya duba taya da birki da ruwan lagireto da AC, safaya taya ma a duba iskarta don ita aka fi mantawa.

Lokaci kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu yafi, zafin bazara a wannan yankin ba na wasa bane musamman in da yara. Amma ka ɗauki rigunan sanyi da bargo, Tabuka sanyinta har cikin ƙashi, dutsen Lauz ma ƙanƙara na sauka a kansa wasu shekarun.

Abin da nafi so kowa ya riƙe shi ne kar kayi tuƙin dare. Raƙuma na hawa titi a wasu wuraren, kuma raƙumi cikin duhu baka ganinsa sai ka zo dab dashi, ƙafafunsa dogaye ne so in mota ta buge shi gangar jikin kan gilashi take faɗowa. Ka tashi bayan sallar asuba ka sauka kafin magariba, shikenan. Kyamarorin Saher masu kama masu gudu kuma suna nan birjik, bi abin da allo ya rubuta. Mai kuma duk mahaɗɗar (gidan mai) da ka samu in tankinka ya kai rabi ka cika, akwai tazara mai tsawo da babu komai sai duwatsu, haka ruwan sha katan biyu a but ba zai yi yawa ba. Ka ajiye 997 na motar asibiti a wayarka, ka sauke taswira tun kana gari don sabis na ɗaukewa.

Ranar farko kafin ka bar Madina leƙa tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Hijaz a Anbariyya, layin da Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na biyu ya fara a 1900 ya iso Madina a 1908 daga Dimashƙa, zaka riƙa cin karo da ragowar tashoshinsa a gaba. Daga nan sai Khaibar, wajen kilomita 160, inda aka yi yaƙi a shekara ta 7, ƙasa ce ta baƙin dutse da gonakin dabino, ka tsaya ka karanta wa yara labarin a wurin, ya fi shiga kai. Sai ka karkata yamma ka kwana Al-Ula, kuma ka kama shuƙƙa (ɗakin haya) tun kana gida don lokacin sanyi kuɗin masauki na tashi sosai.

Kusa da Al-Ula ne Hijr take, wato Mada'in Salih, wuri na farko a Saudiyya da UNESCO ta saka a jerinta a 2008, kaburbura sama da 100 da Nabaɗawa, wasu tsoffin Larabawa, suka sassaƙa a jikin dutse. Ba a shiga sai da tikiti da aka yanka tun farko ta intanet. Amma anan ka tambayi malaminka tukuna, domin hadisi ya tabbata cewa da Annabi (SAW) ya bi ta wurin ya hana shiga gidajen Samudawa, mutanen Annabi Salihu da aka halaka, sai dai mutum yana kuka, ya rufe kansa ya hanzarta. Ni dai ina ganin in zaka shiga to ka shiga da wannan tsoron, ba wajen shewa da ɗaukar hoto kawai bane.

Daga nan ka bi ta Taima ka ga rijiyar Haddaj, kayi ƙasaru da jam'i a hanya tunda matafiyi ne kai, sai Tabuka inda masallacin Tauba yake kusa da tsohon gidan tsaron da aka gina a 1559. A dawowa in kana da niyyar umara to ka ɗaura harami a Abyar Ali, miƙatin mutanen Madina, kar ka wuce miƙati da kayan gida.